Kawu Ari da Waƙar Mai Tari

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara wurin Kawu Ari a unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya san ba a fara maganar rediyo sai an ci jarrabawa. Zai ɗago kai daga tebur, ya auna ƙirjinka da turnabis, ƙarfensa na kwance rediyo, ya ce, "Jan kaset ko baƙi?" In ka ce ja, ya nuna maka benci. In ka ce baƙi, rediyonka zai yi wata biyu a ƙarƙashin tebur. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina koyarwa a lakwal, da gemuna da 'ya'yana, amma har ya rasu gabana faɗuwa yake in ya ɗaga ƙarfen nan.

Kaset ɗin biyu na wasu masu gita ne daga wajen Agadas, irin masu naɗa rawani suna kaɗa gitar lantarki kamar za su tsinka ta. Kawu ba ya jin yarensu ko kalma ɗaya, don haka shi ya raɗa wa waƙoƙin suna. Ta huɗu a jan kaset ita ce Rijiya, kuma a wurinsa ba a taɓa yin kamarta ba. Ta shida a baƙin kaset ita ce Mai Tari, saboda ana jin wani ya yi tari kafin ganga ta shigo. Ita ce mafi rauni, in ji Kawu, kuma mutum ɗaya ne a duk unguwa yake iya musa masa: Malam Isufu tela, maƙwabcin shagonsa. Shekara ashirin suna wannan gardama ta cikin katanga.

Ni sau ɗaya na gwada. Muna tafiya wani suna a garin Durum a kan motonsa, wato babur, ina baya, iska tana kaɗa ni, sai na ji kamar na zama namiji. Na ce, "Kawu, Rijiya fa ta yi tsawo. Da sun rage ƙarshenta."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya yana kallona, moto yana gudu. "Me ka ce?"

"Kawu, hanya."

"Ƙarshen nan shi ne waƙar. Saurara." Ya saki hannu ɗaya yana kaɗa mini wurin a kan cinyarsa. Ta saman kafaɗarsa na hango kamiyo ɗauke da buhunan gyaɗa yana tahowa, direba yana ta oda. Na tuna ƙaramar 'yata ko yaye ba a yi mata ba.

"Na janye, Kawu. Wallahi na janye. Ta ma yi gajarta."

Ya kauce wa kamiyon da abin da bai fi kamu ɗaya ba, ya taka birki a gindin wata bishiyar bedi, ya ce in sauka. Na sauka.

"Ba na karɓar tuban mai jin tsoro," ya ce. "Sake faɗa, ƙafarka a ƙasa."

Na sake faɗa. Da za mu dawo, a bayan amalanke na dawo.

Ranar da na fi tsorata kuwa ita ce ranar da masu gitar da kansu suka zo Damagaram wasan biki. Bayan la'asar suna hutawa a wani zaure, Kawu ya ja ni da Malam Isufu, wai mu je gaisuwa. Shugabansu dogo ne, idanu kaɗai ake gani cikin rawani, takobi a jingine kusa da gwiwarsa. Ko gaisuwar ba a gama ba Kawu ya ce, "Waƙa ta shida a baƙin kaset, ba ta yi ba."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Na fara lissafin taku nawa ne tsakanina da ƙofa, na waiga in ga Malam Isufu, sai takalminsa ɗaya na gani.

Dogon ya daɗe yana kallon Kawu. Can ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Ƙanena ya yi ta." Ya ɗaga murya ya kira suna. Wanda ya shigo sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa, hannunsa ɗaya ya kai faɗin faranti. Shi ne mai ganga. Aka maimaita masa maganar. Ya matso har inuwarsa ta rufe mu.

Kawu ya ɗaga kai ya dube shi. "Kai ne mai tarin?"

"Mura nake yi ranar."

"Da ka jira ka warke."

Na rufe ido. Abin da na ji shi ne dariyar shugaban, har yana dukan tabarma, yana cewa shi ma abin da ya gaya wa ƙanen nasa ke nan tun ranar. Suka ba Kawu kofin farko. Ni ban iya riƙe nawa ba.

Da ciwo ya kwantar da Kawu a asibiti, likita ya kira mu gefe ya ce mu yi ta addu'a. Muka yi shawara kada a gaya masa. Da hantsi Malam Isufu ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana murza hula. Kawu ya rame, murya ta shige, amma ya ce, "Isufu, har yanzu kana kan ɓatanka?"

Malam Isufu ya sunkuyar da kai. "A'a, Ari. Na yi tunani. Kai ne da gaskiya. Mai Tari ba waƙa ba ce."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kawu ba sai a lokacin. Ya dube shi, ya dube ni, ya kama hannun rigata. "Sani, me likita ya ce muku?"

Malam Isufu ya miƙe, hawaye suna bin gemunsa, ya ce, "Ƙarya na yi. Mai Tari ta fi Rijiya sau goma. Rijiyarka ko jaki ba ya saurarenta har ƙarshe."

Kawu ya saki rigata a hankali, ya mayar da kai kan matashi. "Jahili," ya ce. "Zauna in yi maka bayani."

Ya yi masa bayanin har azahar, Malam Isufu yana musawa yana share ido. Kwana biyu bayan nan muka kai Kawu makwancinsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Ari, Ya yafe masa zafin kansa, Ya yalwata masa kabari. Ya cire masa tsoro a inda yake, Ya ba Malam Isufu haƙurin shirun da ya bar masa. Amin.