Malam Armaya'u da Darasin Gyaɗa

Kullum bayan sallar asuba Malam Armaya'u yakan leƙa rumbunsa a Karare, ya cika aljihun rigarsa da gyaɗa, ya hau keke zuwa firamare. Tun shekarar samun 'yancin kai yake koyar da Turanci. Yakan ce shi littafin makaranta ƙirgen ɗaya, biyu, uku kawai ya sani, alhali Bature ma in yana hira cewa yake ɗan kaɗan, cikin tafi, tuli guda. Sai ya zuba maka gyaɗa a hannu ya ce, "Faɗi da Turanci." In ka ce "a handful", ka cinye. In ka kasa, ya faɗa maka, ka maimaita, ka cinye.

Da farin farkon shekarun saba'in ya zo, shanu suka zube, gero ya ƙone a gona, sai Malam ya maƙale a wannan darasi wata da watanni. Mu yara muna ta dariya, wai ya manta sauran littafin. Iyayenmu ne suka gane cewa gyaɗar nan ita ce karin kumallon yawancinmu, kuma babu yaron da ya ji an ba shi sadaka.

Wani mai duba makarantu ya zo ya ce, "Malam, har yanzu nan kuke?"

"Ranka ya daɗe, dubi wuyan yaran."

Bai duba ba. Ya koma ya ce Malam rago ne, kuma daga nan ƙarin girma ya riƙa tsallake shi har ya yi ritaya bara.

Kai ne, Malam, ka ciyar da mu har da gyaɗar da ka ajiye don iri. Arzikin mai ya zo, ɗalibanka suna zuba Turanci a ofisoshin Kaduna da Ikko, ko gaisuwa ba sa aikowa. Abin yana ci mini rai.

Makon jiya na je gaishe shi. Ido ya tafi, noma ya gagara, rumbu babu komai. Da ya ji muryata sai ya sa hannu a aljihu, ya daɗe yana lalube.

"Yi haƙuri, ɗana," ya ce, "yau babu darasi."

Mun gode, Malam, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma da kuka ci, hanyar Karare tana nan inda kuka bar ta. Kowa ya kai ko da cikin tafi ne. Kun san sunansa da Turanci, kun kuma san a hannun wa kuka koya.