Wayar da Yaya Habu ya ƙi mayarwa

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya Habu, ɗan wan mahaifina, wanda ya yi mini hanyar zuwa Doha daga Funtuwa. Gyaran waya yake yi a wani ƙaramin shago a unguwar Najma, ni kuma ina tuƙa manajan wani kamfani a Al Rayyan. Har yau in na bi ta gaban shagon sai in tuna abin da ya faru tsakaninmu a wurin.

Lokacin an sassauta kullen korona, shaguna sun fara buɗewa. Gilashin wayar maigidana ya fashe, ya ce in kai a gyara, a kuma kwashe masa abin da ke ciki zuwa sabuwa. Na kai wa Yaya. Bayan la'asar ya kira ni ya ce in zo yanzu. Na same shi a zaune, takunkumi a haɓa.

"Lawal, akwai hotunan yara ƙanana a wayar nan," in ji shi. "Irin waɗanda ba a faɗa. Kada ka ce in nuna maka."

Na ce, "Yaya, don Allah ka rufe ta ka ba ni. Katin zamana a hannun kamfaninsu yake. In maigidana ya gane daga wurina maganar ta fito, khalas, shi ke nan na koma gida."

Ya ce, "Tun ranar da na kama aiki mai shagon ya gaya mana, wanda ya ga irin wannan ya yi shiru, doka za ta tambaye shi. Amma bar ta doka. Yaran nan suna da iyaye."

Na roƙe shi har da hawaye. Bai goge komai ba, bai tura wa kowa ba. Ya kashe wayar, ya sanar da mai shagon, suka kira 'yan sanda. Ni ma an yi mini tambayoyi har sau biyu. Aka tafi da manajan, kamfanin kuma ya ce ba ya buƙatar direba. Wata huɗu ina zaune a ɗakin Yaya, yana ciyar da ni, ina gaishe shi da ƙyar. Bai taɓa tayar da maganar ba. Ba mu kuma taɓa jin ko an gano yaran ba, na san kuwa wannan ya fi komai damunsa.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi ana saura 'yan watanni a fara gasar cin kofin duniya. Lokacin gasar na samu aikin tuƙa bas, ina kai 'yan kallo filin wasa. Nakan duba madubi in ga motar cike da wayoyi, kowa na ɗaukar hoto, sai in tambayi kaina guda nawa ne a ciki ke ɗauke da irin abin da Yaya ya gani. Yau ma tambayar ba ta bar ni ba. Yara a gida sun fi mu iya waya, masu gyara sun cika kowace kasuwa. Da yana raye, ban san me zai ce ba in ya ji yadda wasu ke gogewa su miƙa wa mai ita, don kada su shiga rigima.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da a hannuna kaɗai wayar take, da na mayar da ita. Na san haka, shi ma ya sani, bai kuma taɓa goranta mini ba. Ban ce masa ya yi daidai ba har ya bar duniya.

Watan jiya babbar 'yarsa, Safiya, ta tambaye ni wane irin mutum ne babanta a Doha. Na ba ta labarin nan duka, har da roƙon da na yi masa ya yi shiru. Sai ta ce, "Baba Lawal, ya yafe maka?"

Na ce ban tambaye shi ba. Allah ya jiƙan Yaya Habu.