Mashaya Nake Nema

Na dawo Makka daga karatu a Masar da takardar shaida da kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba. A can na koyi shan giya. A nan babu ita a fili, sai na koma shan kolonya, turaren nan na kwalba, ina sirka shi da ruwa. Ina koyar da lissafi a wata makaranta, kuma a shekara ta biyu alli ya fara rawa a hannuna. Na san duk ranar da wani ya lura, bulala na jirana, aikin ya tafi, mahaifiyata kuma ta ji a bakin maƙwabta.

Wani wanzami da na je wurinsa ƙaho saboda ciwon kai, shi ya fara ganewa, ko kuma ina jin ya gane. Yana goge mini ƙeya ya ce, kamar ba da ni yake ba, wai a unguwar Hindawiyya, inda Hausawa suke da yawa, akwai waɗansu mashaya da suka bari, suna zama tare bayan la'asar. Bai faɗi gida ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Kwana uku ina zuwa daga unguwarmu Utaibiyya ina zaga lungunan Hindawiyya, ina komawa. Wa zan tambaya? Da Larabci ba zan iya ba, kowa zai ji. Hausa kuwa, da yake a nan Makka aka haife ni, tawa ta cikin gida ce, ta abinci da gaisuwa. Na tsara magana mai tsawo a raina, wai wani abokina ne yake nema, ba ni ba. A rana ta huɗu na tare wani tsoho mai ɗaukar ruwa, da garwa biyu rataye a sanda bisa kafaɗarsa. Na gaishe shi, maganar da na tsara ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, mashaya nake nema."

Ya dube ni, ya dubi farar rigata, ya ce in biyo shi. Sai ga mu a bazan, wato matattarar ruwan unguwa inda masu garwa suke ɗiba. Ya miƙo mini kofi cike. A nan na tuna kalmar biyu ce. Wurin shan ruwa mashaya ne, masu shan giya ma mashaya ne, bambancin a murya yake, a ɗaga ta ko a sauke ta a tsakiya. Har yau ban tabbata wadda na faɗa ba.

Na ji sanyi a raina, domin ga ƙofar fita. In sha ruwa, in yi godiya, in tafi, ba wanda ya san komai. Na ɗaga kofin, rabin ruwan ya zube a rigata. Mutum huɗu ne a zaune a gindin bango, ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya kau da kai. Na ajiye kofin na ce ba wannan nake nufi ba, ɗayar nake nufi.

"To, Ustaz," in ji tsohon, "ai tun daga bakin lungu turarenka ya yi sallama kafin kai."

Daga baya ya gaya mini haka suke yi. Duk wanda ya zo neman mashaya, ruwa ake kai shi. In ɗan leƙen asiri ne ko zuciyarsa ba ta kai ba, ya sha ya wuce. Sai wanda ya maimaita da bakinsa ake matsa wa wuri. Na zauna. Kowa ya faɗi yadda jiyansa ta kasance. Wani gajere, wanda ya zo ta Sudan, ya ce ya tsaya a ƙofar mai turare har mai shagon ya tambaye shi ko aure zai yi. Da aka zo kaina na fara da cewa wataƙila nawa bai kai nasu ba. Gajeren ya ce kowa da wataƙila ya zo, in ajiye ta can kusa da takalmana.

Ba wa'azi aka yi mini ba. Tsohon ya ɗora mini sandarsa a kafaɗa, ya nuna wani gida a kan tudu, na wata gyatuma marar kowa, ya ce sabon zuwa shi yake kai mata ruwa. Na hau ina tangaɗi, ina tsoron kada uban wani ɗalibina ya gan ni. Na isa da ƙasa da rabi a kowace garwa. Gyatumar ta leƙa ta ce Allah ya yi albarka, amma wanda ya gabace ni ya fi ni.

Da na sauko na tambayi tsohon ko hannun zai daina rawa, da kuma yaushe. Ya ce bai sani ba, garwa ce za ta faɗa. A gida akwai kwalbar kolonya a bayan littattafaina. Ban yarda da kaina in zubar da ita ni kaɗai ba, sai na naɗe ta a tsumma. Washegari bayan la'asar na kawo ta bazan, na miƙa masa, na ɗauki sandar.