Keken da ke ɗaukar buhu biyu

"Alhaji, don Allah kada ka hau!" Abin da mai sayar da kekuna ya ce mini ke nan yau a kasuwar Matameye, ya riƙe sirdin keken da hannu biyu.

Likita ne ya ce in riƙa hawa keke saboda hawan jini. Na san nauyina, shi ya sa na wuce masu ƙyalƙyalin nan na nufi wani baƙin keken ƙarfe mai kaurin taya.

Ya dubi tumbina ya yi dariya. "Babur ya dace da kai. Wannan na masu kai gero Ɗan Barto ne."

Na ce, "Buhu nawa yake ɗauka?"

"Biyu, ban da mai tuƙi."

"To ni ko ɗaya da rabi ban kai ba!"

Sai ya saki sirdin. Na hau, na zaga layin sau biyu, keken ko ƙara bai yi ba. Na sauka, na je wajen maƙwabcinsa na sayi irinsa a gabansa.

Jama'a, ku faɗa mini, yaushe buhun gero ya fi mai ƙiba daraja?