Na'urar Barci da Goman Ƙarshe

Maigidana direban motar 'yan makaranta ne, irin doguwar rawayar nan, kuma a aikinsu lokaci-lokaci sai likita ya duba mutum ya sa masa hannu kafin a bar shi ya riƙe sitiyari. Da wannan aikin muke biyan hayar gidanmu a unguwar Morris Heights, nan ƙasar waje, da shi muke ci, da shi ake tura ɗan abin da ya samu Kano. Ni ina kula da wata tsohuwa a Parkchester rabin yini, amma abin da nake samu ko kuɗin haya bai kai ba.

A shekarar da nake magana, Malam ya dawo daga wurin likitan yana huci. Wai an auna masa wuya kamar ragon layya, an kuma tambaye shi ko yana minshari.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a mana."

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Matar nan 'yar Gana da ke ƙasanmu ma ta san minsharinka, har ta taɓa tambayata ko injin wanki muke kunnawa."

Ba minsharin ne ke damuna ba, na saba da shi. Abin da ke tsorata ni shi ne yadda zai ja ya ja, sai ya yi ɗif, numfashi ya ɗauke, sai na zungure shi da gwiwar hannu ya farka a shaƙe. Aka tura shi asibitin barci, aka manna masa wayoyi ya kwana can, suka tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa a kyauta. Likitan aiki ya ba shi izinin tuƙi na wata uku kawai. Ya ce ya nemi na'urar da ke hura wa mutum iska yana barci, ya yi amfani da ita, ya dawo a gani. Mu a zatonmu shi za a gani, a duba idonsa a ga ko ya huta.

Ashe asibiti ba ya ba da na'ura. Kai za ka nemo kamfanin da ke kawo ta, kuma sai wanda inshorarka ta yarda da shi. Ni na ɗauki wannan aikin, don Malam in aka ajiye shi a waya ana kaɗa masa kiɗa, minti biyu ya kashe. A cikin jirgin ƙasa nake bugawa, a kicin ɗin tsohuwar da nake kula da ita nake bugawa. Wannan ya ce ba sa karɓar inshorarmu, wancan ya ce suna karɓa amma sai bayan makonni, wani ya ce sai mun fara biyan wani kaso daga aljihunmu kafin inshora ta sa hannu, da na tambayi nawa ya ce shi ma bai sani ba. Kaina ya yi zafi. A ƙarshe na samu wata mata mai haƙuri a wani kamfani, ta ce mu zo ranar Litinin mu zauna, akwai sharuɗɗan da take so ta yi mana bayani baki da baki kafin mu ɗauka.

Ranar Juma'a Malam ya dawo daga masallaci a Tremont fuskarsa a sake. Ya ce, "Maman yara, ki huta da waya. Yaya ya ce a bar masa."

Wanda yake kira Yaya wani Alhaji ne ɗan unguwarsu a Kano, ya girme shi nesa ba kusa ba. Shi ya tarbe shi a filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, a falonsa ya kwana wata da watanni. Yanzu yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai kai wa marasa lafiya keken guragu da gadon asibiti da tukunyar iska har gida, shi ne mutuminsu a cikin 'yan Afirka. A wajenmu kuwa, in naka yana sana'a ka kai ciniki wani wuri, ka zage shi ke nan. In kuma babba ne, ba ka tsare shi da tambayoyi. Na ce to mu je wurin matar nan ko don mu ji bayanin. Malam ya ce haba, in Yaya ya ji fa? Ban je ba.

Cikin 'yan kwanaki Alhaji ya kawo ta da kansa, cikin baƙar jaka mai kyau, ana tsakiyar Rajab. Na yi masa dambu. Ya haɗa tiyo, ya zuba ruwa a ɗan tankin, ya ɗaura wa Malam takunkumin a fuska muna ta dariya. Sannan ya miƙo wata babbar waya, ya nuna wa Malam inda zai zana hannu da yatsa, nan da nan da nan.

Na ce, "Alhaji, mu nawa ne namu a ciki?"

Ya yi dariya. "Ƙanwata ke nan, 'yar boko. Inshora ta ɗauke. Ku dai ku yi barci."

Malam ya harare ni, na kwashe kwanukan dambu na nufi kicin.

Barcin dai bai samu ba. Takunkumin ya yi masa girma, iska na tsiyaya ta gefen gemu tana hura masa ido, sai ya fizge ya jefar. Duk sanda ya gaya wa Alhaji, amsar ɗaya ce: za ka saba. Haka muka cinye sauran Rajab da kusan duk Sha'aban. Sai da na yi ta maza na kira asibitin barci da kaina, suka sa aka canza masa ƙarami mai zama a kan hanci. Daren farko da sabon, wallahi sai da na sa hannu a ƙirjinsa don shirun ya yi yawa. Ya tashi da safe yana raha, har da tsokanata. Saura kwana kaɗan a ga watan azumi.

To, kowa ya san yadda barci yake a azumi. A dawo daga tarawihi a makare, a ɗan kishingiɗa, a tashi sahur. Malam kan sa na'urar a wannan ɗan tsakanin, awa biyu ko uku. Bayan ya sauke yara da safe yakan dawo gida ya rama a kan kujerar falo, ita kuwa na'ura tana ɗaki a rufe da ɗankwalina don ƙura. A tunaninmu ta dare ce. Da goman ƙarshe ta zo ya ɗauki hutunsa kamar kowace shekara ya shiga i'itikafi. Ni ce ma na ce ya tafi da ita. Ya ce, "A masallaci? In kwanta a gaban dattawa da tiyo a hanci kamar giwa?" Ya ɗauki bargonsa da Alƙur'aninsa ya tafi.

Kuma a gefen wa ya shimfiɗa bargon? A gefen Alhaji. Ni nake aika musu abincin buɗa-baki a kula ɗaya. Ranar Sallah Alhaji ya tare ni a bakin masallaci yana dariya, ya ce, "Ƙanwata, mijinki ya hana mu barci, da ƙyar muka sha." Na yi dariya. Har yanzu in na tuna na yi wannan dariyar sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan Sallah da mako biyu muka koma wurin likitan aiki, na raka shi. Likita bai ko dubi idonsa ba, kwamfuta ya juyo mana. Ga kwanakin Malam nan a jere tun daga Rajab, wanda ya sa da wanda bai sa ba, da tsawon lokacin da ya yi da ita a fuska. Na ce daga ina wannan? Ya ce daga na'urar. Kullum sai ta aika.

Ikon Allah! Wata uku muna kwana da 'yar rahoto a gefen gado.

Wata ma'aikaciyar asibitin barci ce ta zaunar da mu ta warware mana sauran. Na'urar ba tamu ba ce, haya inshora take biya wata-wata, ɗan kuɗin da ake cire mana wanda Alhaji ya ce na tiyo ne, kasonmu ne na hayar. Watanni ukun farko gwaji ne: sai an samu wata guda cur da mutum ya sa ta aƙalla awa huɗu a mafi yawan kwanakin. In ba a samu ba, inshora ta janye, kamfani ya ɗauke kayansa, a koma layi daga farko. Likitan aiki kuma ba zai sa hannu ba sai ya ga irin wannan watan. Sai ta ƙara da abin da ya ƙona min rai: barcin rana ma ana lissafa shi. Da Malam ya jawo na'urar zuwa falo, ko ya koma gado bayan ya sauke yara, da ya cika awanninsa har da ragi. Ta ce, "Wanda ya kawo muku bai gaya muku ba? Shi ne abu na farko da ake gaya wa mutum."

Malam ya sunkuyar da kai. A hanya ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ce, amma tana da ofis a Tremont.

Washegari daga wurin aikina ban biya gida ba. Na sami Alhaji a ɗan ofishinsu cikin kwalaye, yana shan shayi. Na gaishe shi yadda ya kamata, don kada a ce ban da tarbiyya, sannan na ce, "Alhaji, ka san na'urar nan tana kai rahoto?"

"Ai duka haka suke."

"Ka san in bai cika awanni ba za a karɓe, aikinsa kuma ya tsaya?"

"Yana cikin abin da ya sa wa hannu."

"Wanda ka nuna masa da yatsa nan da nan da nan? Kwana goma yana kwance a gefenka ba na'ura, kana jin numfashinsa na ɗaukewa, kana ci daga kulata. Kalma ɗaya ta gagare ka?"

Ya ajiye kofi. "Ƙanwata, ni zan ce wa Musulmi ya bar goman ƙarshe saboda inji?"

"Wa ya ce ya bari? Cewa za ka yi ya ɗauko ta. Ina ce akwai soket a masallacin, da shi kuke cajin waya."

Ya sassauta murya kamar mai ba ni shawara. Wai shi ya san mutanenmu. In ka ce musu abu yana aika labarinsu wani wuri, gudu suke yi, in ka ce haya ce su ce ana cutarsu. Da ya faɗa da ba mu karɓa ba. Wai don lafiyar Malam ne ya ɓoye mana. Kuma in muna so, zai yi magana a sayar mana da ita gaba ɗaya, zai sa a rage mana.

Na tsaya ina kallonsa. Wato ya san abin da yake ɓoyewa, kuma ba mu kaɗai ba ne. Daga baya na ji cewa shi ladansa yana fita ne ranar da ya ajiye na'ura a gidan mutum, abin da ya biyo baya ba ruwansa. Na so in zazzage masa duk abin da ke cikina, amma sai na juya na fice. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba. Da baƙo ne ya yi mana, da na zage shi na huta.

Kuɗin sayen ya fi ƙarfinmu, ko da mun saya ma izinin Malam ya ƙare a makon. Wurin aiki suka ce ya zauna a gida sai ya kawo hannun likita. Asibitin barci suka ce layin dogo ne. Na ce mu kai ƙara wurin inshora, a rubuta cewa ba a yi mana bayani ba, ma'aikaciyar nan ta ce hakan kan taimaka. Malam ya ce shi ba zai rubuta sunan Yaya a takardar ƙara ba ko da zai yi bara. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwana biyu ba na masa magana. Ko gezau.

Ranar Asabar da hantsi Alhaji ya zo ɗaukar kaya, shi da kansa. Malam ya tarbe shi har bakin ƙofa, ya ce, "Maman yara, kawo wa Yaya ruwa." Na kawo, na dangwarar, na koma kicin na tsaya inda nake hango su. Malam ne ya wanke tankin, ya goge na'urar, ya naɗe tiyo, ya zuge jaka. Da Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauka, Malam ya ce haba Yaya, ya rataya ta a kafaɗarsa. Lif ɗin hawa benenmu ya lalace a makon, a ƙafa ya sauka da ita hawa biyar yana bin bayansa. Ta taga na ga ya sa ta a but ɗin motar Alhaji, ya rufe, ya ɗan rusuna yana godiya.

Ya hawo yana haki ya ce, "Ya ce a gaishe ki."

Ranar Litinin ya tashi da wuri kamar kullum, ya yi wanka, sannan ya rasa inda za shi. Ya tsaya a taga da kofin shayi, daga shi sai singileti. Hanyar da yake bi da yara takan ratsa ta ƙasan layinmu, can sai ga motar ta ɓullo, wani ne a kujerarsa. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ya ce, "Yana yanke kwanar nan da yawa. Akwai wata ƙaramar yarinya da ke zama a baya, amai take yi in aka yi haka."

Na ce ya sha shayinsa kada ya huce.