Shekarar da Muka Sauka Fadama

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, bayan kaka, a shekarar da fara ta cinye mana gero, lokacin yaƙin Turawa na biyu. Ina tsaye a ƙofar gidan mai gari da ƙwarya a hannu, cikin mata da yara masu jiran hatsin taimako, sai sankira mai shela ya fito ya ɗaga murya ya ce rumbun tsimi ya kai ƙasa, awon yau shi ne na ƙarshe. Wata tsohuwa da ke gabana ta sulale ta zauna a ƙasa. Shekaruna ba su fi tara ba, amma na gane maganar sarai, domin ni nake kai hatsin nan gida, na kuma san bayan shi babu komai a ɗakinmu. Ƙwaryar ta karkace a hannuna har mai awo ya ce, "Dije, riƙe da kyau, kar ki zubar."

Ƙauyenmu yana kan tudu ne kusa da Lahodu, ba mu san wani noma ba sai na damina. Ranar da fara ta sauka, gari ya yi duhu da rana tsaka. Muka fita muna buga tasoshi muna ihu, amma kafin la'asar gonarmu ta zama kara tsaye. Baba kuwa tun kafin nan an tafi da shi aikin tilas na haƙar kuza can ƙasar Jos, ya dawo da tarin da ba ya barinsa ko ɗaga gatari. Sai ya zama gidanmu mutum huɗu, ni da Inna da Baba da ƙanena Ummaru, duk muna rataye da abin da aka auna mana. Na daina zuwa gaɗa a dandali, don 'yan mata sun sa mana waƙa, suna kiran mu ɗiyan awo. Baba bai taɓa kallon ƙwaryar nan ba idan na shigo da ita. Sai ya juya fuskarsa wajen danga.

Bayan sanarwar sankira, mai gari ya tara masu fadama na bakin gulbin Rima, ya roƙe su kowa ya yanka wa gidan da ba shi da ƙarfi ɗan fili, ya ba su iri, ya kuma nuna musu aikin rani. Mu muka faɗa hannun wani dattijo mai suna Sanda, wanda ba mu haɗa dangi da shi ba, amma muke ce masa Kawu. Da ya zo da maganar, Inna ta amsa masa daga bayan zana. "Kawu, mi na sani ga lambu? Kuma mi za mu ci kahin abin ga ya nuna?" Ya ce, "Dankali ba shi daɗewa. Albasa ta biyo baya. Ki taho dai, ɗiyata, ƙasa na nan, ruwa na nan."

Ni gulbin ne ya fi ba ni tsoro. Mu mutanen tudu mun tashi da labarin kada mai jan yara, da na mutanen da ruwa ya ci ba a ga gawarsu ba. Ranar farko da Kawu ya tsayar da ni a bakin ruwan, ya nuna mini yadda ake danna jigo guga ya nutse, a sake shi ya taso cike, sai na ja da baya. Duk itacen da ya biyo ruwa kada nake gani. Inna ita ke jan jigo, tana jin mata masu wucewa suna maganar matar aure da ta fito aikin maza, ba ta fasa aikinta. Ni kuma ina bin ruwan da 'yar fartanya, in buɗe wa wannan fangalin shuka in toshe wancan. Muka dasa yaɗon dankali a kan kunya, muka dasa albasa siri-siri kamar gashi. Baba ya ce a riƙa kawo masa kaba, yana zaune yana tari yana tufka mana igiyar guga.

Hatsin ƙarshe ya ƙare tun dankali bai rufe kunya ba. Muka koma cin tafasa da rama, da bado da matar Kawu ta koya mana tonowa a tabki. Sai ƙafafun Ummaru suka fara kumbura. Yaron da ke bin ƙadangaru duk yini ya zama ba ya tashi daga inuwar da aka ajiye shi. Na riga na ga yaran da aka ɗauka a tabarma daga unguwarmu, kuma duk da irin wannan kumburi suka fara. Nakan danna ƙafarsa da yatsa in ga wurin ya loɓa ya ƙi tasowa.

Wata safiya Inna ta ajiye guga, ta ɗauki fartanya ta nufi kunyoyin dankali. Ta ce tumɓuke su za ta yi duka, ko saiwa ce a dafa wa yaro. Na san idan ta yi haka ba mu da komai nan gaba, na kuma san idan ba ta yi ba Ummaru na iya tafiya. Na ruga na kira Kawu ina kuka. Ya iso ya tarar ta riga ta cire gindi biyu, babu abin kirki a jikinsu. Bai yi mata faɗa ba. Ya durƙusa, ya bi kunyar da ido har ya ga inda ƙasa ta tsage, ya sa yatsu ya tona daga gefe a hankali, ya ciro dankali guda kamar kan sanda, ya mayar da ƙasa ya rufe. Ya ce, "Haka za ki yi kullum. Ki ɗauki babba, ki bar uwar da rai." Ya kuma aika gidansa aka kawo nono. A nan bakin lambu muka gasa dankalin, Inna ta murmushe shi cikin nono tana ba Ummaru da yatsa, hawaye na zuba mata.

Ba a rana ɗaya kumburin ya saɓe ba. Na daɗe ina kai kunnena bakin hancinsa in ji ko yana numfashi. Amma ya tashi. Da albasa ta nuna, Kawu ya ba mu aron jaki, muka kai ta kasuwar Wurno, muka dawo da gero da gishiri. Baba ya sa hannu cikin buhun ya daɗe yana juya geron, ya ce wa Inna, "Wanga naki ne." Bai ga damina ta gaba ba. Mu kuma ba mu sake barin fadama ba, daga baya ma Ummaru ya yi lambun kansa ya riƙe Inna har ƙarshen ranta.

Yanzu an datse gulbin a Goronyo, inji ke jan ruwa, manyan motoci ke kwasar albasa zuwa kudu. Jikokina suna wanka a inda nake tsayawa ina tsoron kada, ba su taɓa ganin jigo ba. Na kuma ga lokutan da ake zuwa da mota a raba buhu a tafi, ba a san sunan wanda aka ba ba. Sai in tuna dattijon da ya bar nasa aikin ya durƙusa cikin namu. Har yau in na wuce ta wurin lambun nan, nakan rage tafiya in yi masa addu'a.