Dogon Yaron da Na Sare Saboda Batir

Ni na fara ɗora faifan sola a layinmu a Talata Mafara, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Faifai biyu ne a kan kwanon ɗakin Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a wurina tun rasuwar Baba. Ɗan batirin da suka zo da shi ya daɗe da mutuwa, don haka fanka da rana kawai take juyawa, ana kiran magariba sai ta tsaya cik. Inna ba ta taɓa ƙorafi ba. Dama ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kira, balle ta zauna ta gaya mini abin da take so.

Sai ƙanena na Bakura ya sayar da shinkafarsa ta rani, ya haɗa sabuwar sola da batir kamar akwatin amarya. Da bazara ta kama, ya zo ya ɗauki Inna wai kwana uku. Kwana uku suka zama mako shida. Duk wanda ya dawo daga can labarinsa ɗaya: fanka har asuba, ruwan sanyi a firji, Inna tana ta sa masa albarka a gaban jama'a. Wallahi na ji kishi, kishi mai cin rai. Wanda ni na koya wa ɗaure zariyar wando! Shekara da shekaru ina hidima ba a taɓa kawo mini labarin yabo ba, shi daga sayen batir ya zama ɗan albarka.

Na sayar da raguna biyu, na tambayi girman batirin ƙanena, na sayo wanda ya fi shi. Wani mai haɗa sola daga Maradun ya zo, ya hau kwano ya sauko yana girgiza kai. Ya ce na sayo randa alhali da ludayi nake ɗiban ruwa: faya-fayan sun tsufa, kuma daga azahar inuwar dogon yaron tsakar gida ke rufe su, batirin ba zai taɓa cika ba. Shawararsa a ƙara faifai, a mayar da su kan zaure inda rana ke wuni. To da me? Aljihu ya riga ya bushe, ga shi ƙanena ya aiko cewa ranar Juma'a zai kawo Inna. Ni kuwa na ɗauka sauran kayanta za ta kwasa.

Baba ne ya dasa bishiyar nan. A ƙarƙashinta Inna ke shimfiɗa tabarma daga azahar zuwa la'asar, tsofaffin unguwa su taru ana ɓarar gyaɗa. Matata ta tuna mini da haka har sau biyu. Na ce ta ja bakinta, inuwar bishiya ba ta hana kowa tafiya Bakura ba. Na kira masu gatari, kafin yamma sun gama.

Kuma abin ya yi aiki, kada in yi ƙarya. Batir ya cika taf.

Ranar Juma'a mota ta tsaya. Na durƙusa na gaida Inna, na yi gaba da sauri na kunna fanka, na ce, "Inna, yanzu nan ma har asuba ce." Ba ta shigo ba. Tana tsaye a kan kututturen, rana na dukanta. Sai a lokacin na lura ƙanena yana sauke jakunkunanta duka, har da butarta. Ashe dawowa ta yi.

Sannan ta juya ga matata, kamar yadda ta saba in magana tawa ce.

"Ki ce masa can akwai iska, amma babu inda mutum zai zauna. Don inuwar nan na dawo."

Ta ce wa ƙanena ya mayar da kayan mota. Ko ruwa ba ta sha ba.

Batirin yana nan lafiyarsa ƙalau, ya fi na Bakura girma, kowa ya sani. Ɗakin Inna kuwa a rufe yake. Kututturen ya fara toho, safe da yamma nake zuba masa ruwa.